Gwangwanin Ƙarƙashin Bencin Tela

Tela ne, amma tun da ya shiga wasan ɓoye gwangwani ba mai kiransa da wani suna sai Alƙali. Wasan ba shi da wuya: ka ɓoye ɗan gwangwani a wani lungu, ka sa alamar wurin a waya, 'yan ƙungiya su bi su nemo. Mai ɓoyewa shi ke ba nasa taurari, ɗaya in mai sauƙi ne, biyar in sai an ci baƙar wuya. Akwai kuma dokar tazara, wadda ta hana gwangwani biyu kusantar juna.

Wannan doka ce ta shiga kan Alƙali. Da tef ɗin awon wando yake bin titi a durƙushe yana auna adalci, masu kawo ɗinki na jiransa har suka gaji suka canza shago. Ƙanin matarsa ya ɓoye nasa bayan kantin magani, Alƙali ya soke, wai tazarar ta gaza da taƙi guda. Ƙanin ya mayar ƙarƙashin gada, Alƙali ya sake sokewa. Kafin shekara ta zagayo, babu gwangwani a duk layin sai na Alƙali.

Nasa kuwa yana ƙarƙashin bencin ƙofar shago, inda ko mai rarrafe zai gano shi. Amma taurari biyar ya zabga masa, don a ganinsa mutum kamarsa ba ya ɓoye abu mai tauraro ɗaya.

Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, mutane yake so. 'Ya'ya sun watse, shago ya yi tsit, ba abin da yake ji sai ƙarar keken ɗinki. Burinsa su zo su yi ta lalube, ya ba su ruwa, a taɓa hira. To wa zai taso takanas saboda gwangwani tilo mai taurari biyar? Ko ƙuda bai zo ba.

Da kaɗaici ya ishe shi, ya haɗiye girman kai ya mayar da shi tauraro ɗaya. Washegari aka zo, aka lalube benci ciki da bai, babu komai. Matarsa, wadda ke share shagon, ta ce ai tun bara tsintsiya ta jawo shi, maɓallai take zubawa a ciki.

Wata doka kuma, wadda shi da bakinsa ya kawo, ta ce gwangwanin da ya ɓace an soke shi, wurin ya zama na wanda ya riga nema. Ƙanin matar ne ya riga, ya ɓoye nasa a ƙarƙashin bencin.

"Yaya, auna mana tazarar," in ji shi, yana miƙa masa tef.

Alƙali ya auna. Babu abin sokewa, tunda shi da hannunsa ya share layin tas.

Yanzu kullum ƙofar shagon cike take, kamar yadda ya daɗe yana fata. Yakan zauna a bencin da butar ruwa a gefe, ya gyara murya. Sai su gaishe shi da ladabi, su durƙusa su ce, "Baba, ɗan ɗaga ƙafarka."