Farar Rigar da Surukina Bai Shiga Ruwa da Ita Ba

A shekarun farko na dawowar mulkin farar hula, ni malamin makarantar sakandare ne a Minna, ina zaune da iyalina a gidan haya a Tunga. Iyayena mutanen kudancin Kaduna ne, aiki ya kawo mahaifina nan, a nan kuma na girma. A ikilisiyarmu ta masu sujada da Hausa ni ke riƙe da ajin baftisma, wato ajin da ake koya wa sababbin masu bi tushen bangaskiya kafin a kai su ruwa. Na yi ɗan kwas na tauhidi na 'yan watanni, na dawo da takardar shaida da girman kan da ya fi takardar nauyi. Abin da na fi ji da shi kuwa shi ne maganar allahntakar Ɗan Allah. In aka taɓo ta, ko tuwo nake ci sai na tsame hannu. Na rubuto muku ne domin abin da zan faɗa ya daɗe yana cina, na gaji da ɗaukarsa ni kaɗai. Ba zan kama sunan kowa ba, waɗanda abin ya shafa sun san kansu.

A ƙofar gidanmu akwai shagon wani tela, Musulmi, wanda kakansa ya zo Minna da aikin jirgin ƙasa. Mutumin kirki ne, amma ɗan musu ne kamar ni. Kullum na taso daga makaranta sai na yada zango a bencinsa. Ya ce Allah ɗaya ne, bai haifa ba. In ce mu ma ɗaya muka ce, kuma ba haihuwa irin ta miji da mata muke nufi ba. Ya jefo in jefo, ƙafarsa tana kan keken ɗinki, har a kira la'asar ya tashi ya bar ni da sauran magana a baki. Ba mu taɓa ɓatawa ba, ko a lokutan da gari ya ɗauki zafi a kan addini. Amma musun nan ya yi mini illar da ban lura da ita ba. Na soma ganin duk Kiristan da ba zai iya tsayawa gaban tela ya kare kansa da aya da lamba ba, rabin Kirista ne. A da, dattawan ikilisiya 'yan tambayoyi masu sauƙi suke yi wa mai neman baftisma. Ni na matsa aka ƙara ɗaya: mutum ya bayyana yadda Yesu yake cikakken Allah kuma cikakken mutum, ya kawo ayoyi uku da ka. Faston da muke da shi sabo ne, ba ya son ja da ni, dattawa kuma suka ce ai malam ya fi su karatu.

Ana nan sai aka kawo mana mahaifin matata daga ƙauyensu a wajen Wushishi, hawan jini da ciwon ƙafa sun hana shi zuwa gona. Manomin doya ne, bai taɓa riƙe alƙalami ba. Kusan duk rayuwarsa shi ke riƙe da tsafin gidansu, shi ke yanka kaza idan damina ta yi gardama. Matata ce ta fara karɓar bangaskiya tun tana makaranta, ta yi shekaru tana yi masa addu'a, har ranar da ya tattara kayan tsafin ya mayar wa ƙannensa, ya ce shi ya bi Yesu. Wannan ya jawo masa ƙiyayyar dangi ba kaɗan ba. Da ya zo gidanmu abu ɗaya ya roƙa, ba magani ba, ba abinci ba. Ya gaya wa 'yarsa yana so a sa shi a ruwa kafin ya mutu, domin mutanen ƙauye su san ba wasa ya yi ba. Da murna matata ta sayi farin yadi, ta kai wa tela ya ɗinka masa rigar baftisma.

Duk wanda ya san al'adarmu ya san kunyar da ke tsakanin mutum da mijin 'yarsa. Baba bai taɓa cin abinci a gabana ba. Idan na shigo tsakar gida, gaisuwa ce kawai, sai ya sunkuyar da kai ya koma ɗaki da sandarsa. Matata ta ja ni gefe ta ce, Baban yara, ka san Baba ba zai iya buɗe baki a gabanka ba, ka bar wani dattijo ya yi masa tambayoyin. Shi ma fasto ya ba ni wannan shawarar cikin ladabi. Na ƙi. Na ce idan na janye, za a ce na buɗe wa surukina ƙofar baya, gobe kowa ya kawo nasa. Wannan shi ne abin da na faɗa da baki. Gaskiyar da ke cikina kuwa, so nake a riƙa ba da labari cewa malam ba sani ba sabo, ko surukinsa bai ɗaga wa ƙafa ba.

Sau biyu a shekara muke baftisma, gab da Kirsimeti da kuma Ista. Ranar gwajin farko, gab da Kirsimeti, Baba ya zauna a kan benci a ofishin coci, hularsa a kan gwiwa, ni da dattawa biyu muna fuskantarsa. Tambayoyin dattawa ya amsa su da kai da 'yan kalmomi. Da na jefa tawa, sai ya kafa ido a kan takalmina ya yi shiru. Na maimaita da ƙarfi kamar ina gaban 'yan aji ɗaya. Can ya ce a hankali, Yesu ai Allah ne. Na ce na ji, to ta yaya, kuma ina ayoyin? Ya sake mayar da idonsa kan takalmina. Ɗaya daga cikin dattawan ya taɓa ni da ƙafa ta ƙarƙashin tebur, na yi kamar ban ji ba, na rubuta cewa ya maimaita aji. A hanyar gida mashin dabam-dabam muka hau.

Da Ista haka aka yi. Matata ta yi wata uku tana zama da shi a ƙarƙashin bishiyar mangwaro tana biya masa ayoyin, ina jiyo shi daga ɗaki yana faɗinsu tiryan-tiryan. Amma da ya zauna a gabana sai suka gudu, ya kawo ɗaya da rabi ya tsaya. Na ce doka uku ta ce. Da Kirsimeti ta sake zagayowa bai ma yi ƙoƙari ba, ya ce wa dattawa su yi masa haƙuri, kan tsoho ba ya riƙe karatu. Duk lokacin da baftisma ta matso, matata takan fito da farar rigar, ta ga ta yi masa yawa domin yana ta ramewa, ta mayar wa tela ya rage. Ranar baftisma kuwa Baba yakan sa a kai shi bakin rafi, ya zauna a kan dutse yana kallon yaran da ya yi jika da su ana nutsar da su, yana tafi tare da mata masu waƙa. Ina ganinsa daga inda nake tsaye riƙe da littafin sunaye. Ban ji daɗi ba, ba zan yi ƙarya ba, amma na lallashi kaina da cewa gaskiya nake tsarewa.

Da damina ta kama jikinsa ya tsananta. Matata ta durƙusa a gabana, abin da ba ta taɓa yi ba, ta roƙe ni in yi wa fasto magana a yi masa baftisma ba sai an jira lokaci ba, ko ɗaukarsa za a yi zuwa rafi. Na ce ta yi haƙuri, Kirsimeti ba nisa, wannan karon zan sassauta. Wata Talata da rana ina cikin aji aka kira ni a waya, kafin in iso gida ya cika. A ikilisiyarmu a wancan lokaci ba a shigar da gawar wanda bai yi baftisma ba cikin coci, addu'a ake yi a gida a wuce da shi kabari. Ni da bakina na taɓa kare wannan ƙa'ida a taron dattawa. Haka muka ɗauke shi daga tsakar gida zuwa ƙauye. A bakin kabari ƙaninsa, wanda ya gaji tsafin, ya dube ni ya ce ga shi nan, yayansa ya bar nasu, masu coci kuma ba su karɓe shi ba, ya mutu a tsakanin gida biyu.

Bayan mun dawo da kwana uku tela ya shigo yi mini gaisuwa, da leda a hannunsa. Farar rigar ce, matata ta kai masa ragi na uku ba a karɓa ba. Ya zauna ya ce, Malam, akwai abin da ya kamata ka sani. Ashe kullum ina makaranta Baba a bencinsa yake wuni, kuma irin musun da yake yi da ni ya sha yi da shi, har ma yana ganin tsoho zai fi ni sauƙin juyawa. Ya ce ya taɓa tambayarsa me ya sa ya bar abin da iyayensa suka bar masa saboda annabi, wanda shi ma mutum ne. Baba ya amsa masa cewa ya ga mutane iri-iri a rayuwarsa, babu mutumin da zai sa ya rabu da 'yan'uwansa, wanda yake durƙusa wa kowace safiya Allah ne. Da tela ya matsa masa a kan yadda ɗa zai zama Allah, sai Baba ya ce shi abin da ya sani noma ne: idan ka yanki iri daga jikin doya ka binne shi, ko ya kwana cikin laka, doya ce za ta fito, ba rogo ba. Wanda ya fito daga Allah ya shiga cikin lakarmu, Allah ne. Tela ya ce shi har gobe bai yarda da wannan magana ba, kuma ba zai yarda ba, amma shekara biyu yana girgiza tsohon nan bai motsa ba. Ya ce bai san irin jarrabawar da muke yi a coci ba, amma a shagonsa kullum Baba ci yake yi.

Na riƙe rigar a hannuna, ta koma ƙarama kamar ta saurayi. Amsar da na nema sau uku a ofishin coci tana nan a ƙofar gidana, ana ba da ita kullum a kan bencin da ni ma nake zama, kuma ta fi tawa. Ni kaɗai ne ba zai iya gaya wa ba, domin ni mijin 'yarsa ne. An gaya mini haka tun farko na toshe kunne.

Lahadin da ta biyo na ajiye ajin baftisma. Na tsaya gaban dattawa na faɗi abin da na yi, aka cire tambayar nan tawa, daga baya ma aka sassauta maganar gawa. Duk wannan ihu ne bayan hari. Matata ta ce ta yafe mini, na kuma yarda, domin ba ta taɓa goranta mini ba. Sai dai tun daga shekarar ba ta sake zuwa bakin rafi ranar baftisma ba, takan ce kanta na ciwo, ni kuma ba na tambaya. Na san koyarwarmu, ba ruwa ke ceton mutum ba, bangaskiya ce, kuma ba na shakkar inda Baba yake. Amma abu ɗaya tak tsohon nan ya roƙa a gidana, yana hannuna, na hana shi don a yaba mini.

Har yau na gaskata Yesu Ɗan Allah ne, Allah ne, ban rage komai a ciki ba. Abin da na koya shi ne, iya faɗin gaskiya dabam, riƙe ta dabam, kuma Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ku da aka ba ku wani aji ko wata kujera a wurin ibada, ko wane addini kuke bi, ku ji tsoron ranar da za ku fi son a ce kun tsare doka fiye da mutumin da ke zaune a gabanku. Idan tsoho ya yi shiru, ku bincika dalilin shirun kafin ku ɗauki biro. Idan na kusa da ku suka ce ku ja gefe, ku ja, kada ku ce a jira Kirsimeti, domin ba a hannunku take ba. Rigar tana ƙasan akwatina. Na taɓa cewa matata mu ba wani mai shirin baftisma, ta ce a'a, in bar ta a inda zan riƙa ganinta duk lokacin da na zo ɗaukar kayan zuwa coci.