Idon da Ke Jawo Nesa

Shekarar da aka fara Shari'a, lokacin jiharmu ta Zamfara tana ɗanya shataf, ɗana Lawali ya matsa mini in raka shi kasuwar Kaura Namoda ya zaɓi madubin hangen nesa. Shi ya gaji farauta a gidanmu na Dauran, kuma ya ƙudurta shiga can ƙuryar daji, inda ko ni ban taɓa kaiwa ba. Ya tafi da ni ne a matsayin masani. Na yi ajin yaƙi da jahilci, kuma har yau ina cewa canjaras muka tashi.

Mai gwanjo ya fito da guda biyu. Ɗaya yana jawo abu kusa kawai. Ɗayan yana da maɓalli, in ka danna sai jar lamba ta fito ta gaya maka mita nawa ke tsakaninka da naman.

"Baba, wanga mai sauƙin ya ishe mu," in ji Lawali. "Ya fi haske."

Na kara shi a ido, sai ga gemun wani mahauci da ke can ƙarshen kasuwa a kan hancina. Nan take Goggo Ige ta faɗo mini a rai.

Kakata ce, uwar babanmu. Bayan sallar isha takan tara mu gefen wutar kara, tana gasa gyaɗa tana hana mu, wai sai tatsuniya ta ƙare. Wata rana ta ce, "Ga ta nan, kuma wagga ba ta dariya ba ce." Muka ce ta taho mu ji ta, amma murya ƙasa-ƙasa.

Wai wani maharbi ne ya taimaki wata tsohuwar daji, ta saka masa da ido na uku a cikin ɗan ƙoƙo. In ya kara shi, barewar da ke bayan tudu sai ta zo gabansa har ya ga gashin kunnenta. Ya yi suna, ya daina duba sawu, ya daina sauraren tsuntsaye. Ya saba ganin abin tsoro dab da shi, ya yi masa gwalo, don ya san yana cire idon zai koma can nesa.

Ran nan ya kara idon, sai ga fuskar dodo ta cika ƙoƙon, haƙora jajaye. Maharbi ya yi dariya ya ce, "Kana can, ina nan."

Goggo ta tura kara cikin wuta.

"Sai mi, Goggo?"

"Sai ya cire idon." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Dodon bai koma ba."

Ranar ba ta ce ƙurunƙus ba. Gyaɗar ma ba wanda ya nema.

Don haka na ce wa Lawali, "Ɗauki mai lambar. Ni ba na sayen ido marar gaskiya." Mai gwanjo ya ce lallai Baba ya yi boko, ni kuwa ban musa ba.

Da hantsi muka je bakin daji gwaji. Na danna a kan wata kuka, lamba ta fito, na karanta da ƙarfi don yaro ya san ba a banza na yi aji ba. Da na ɗan karkata, sai na ga mutum a gindin kukar. Ba kare, ba sanda, ba shanu. Bindigar da ke kafaɗarsa ba irin tamu ta harba-ka-ruga ba ce. Mu yake kallo.

Na danna, lamba ta fito. Na sake dannawa, ta ragu. Ni kuwa ina nan inda nake, shi ne ke matsowa.

"Baba, mi kag gani?"

"Batir ya mutu," na ce. "Mu tahi gida. Kada ka waiga."

A hanya na gaya masa gaskiya, na sa ya rantse ba zai wuce kukar nan ba. Ya cika alkawari, yanzu zabi yake harbi a bayan gonaki, yana mita.

Da ina yaro na ɗauka Goggo tsoron dodo take koya mana. Ashe cewa take kada mutum ya saba ganin mugun abu har ya riƙa ce masa yana can. Madubin yana wurina. Nakan tsaya bayan gari in auna kukar, kullum lambar ɗaya ce, wai daji bai matso ba. To, batir sabo ne, amma ban yarda da shi ba.