Motar Baba da Jiragen Sin

Shekarar da 'yan bindiga suka fasa gilashin motar Baba a hanyar Kasuwan Garba, Allah ya dawo mana da shi Kontagora da ransa. Washegari ya kira magini. Ya shigo da motar tsakar gida, tsohuwar a-kori-kurar da ya tsufa yana ɗauko dawa da ita daga Rijau da Tungan Magajiya, ya sa aka toshe babbar ƙofa da bulo. Magini ya ce, "Alhaji, motar fa, ta ina za ta fita?" Baba ya ce masa ya yi abin da ya kawo shi.

Motar ta zama wurin shanyar Inna, kaji suka samu ɗaki a ƙarƙashinta. Ni ba motar ce ta dame ni ba. Mutumin da ke cika gida da labarin hanya ya koma zaman tabarma, kullum yana ramewa. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Ina koyar da tarihi a sakandare. Wata Asabar da hantsi ina shirya darasi kusa da shi, na iso kan daular Ming ta ƙasar Sin, sai mamaki ya sa na fara karatu da ƙarfi. Wai wani sarkinsu ya tura manyan jiragen ruwa, suka keta teku har gabar Afirka ta gabas, har aka kai masa raƙumin dawa da ransa. Na ajiye littafin ina tunani. Dabbar da ko a mota ban san yadda za a ɗora ta ba, ta yi wata da watanni a kan ruwa, wani bawan Allah yana miƙa mata ganye. Sarakunan da suka biyo baya kuwa suka hana tafiyar, suka mai da ƙarfinsu kan ganuwa saboda mahayan arewa.

"Wa ya ci su da yaƙi a tekun?" in ji Baba. Ashe yana saurare.

"Ba kowa, Baba. Da kansu suka rufe ƙofa. Jiragen suka ruɓe a bakin ruwa."

"Matuƙan fa?"

"Suka tsufa suka mutu."

Wallahi ba wa'azi na yi niyya ba, ban isa ba. Ya dubi bulon nan, sannan ya ce, "Tsoronsu ba ƙarya ba ne, 'yata. Amma a ce mutum ya san hanyar da ake ɗauko raƙumin dawa, ya tafi kabari da ita a cikinsa?"

Bai rushe katangar ba, hanya ma ba ta gyaru ba. Sai dai da la'asar ya ce in kawo biro. Ya shiga faɗa ina rubutawa: wane ƙauye ke bin wane, gidan wane manomi ne dawarsa ba tsakuwa, wane rafi ke cika a Agusta, yadda ake gai da tsoho da Dukanci, yaren yankin, kafin a taya hatsinsa. Sati uku muna yi, ya cika littafi biyu, kuma ya koma cin tuwonsa har da neman ƙari.

Ranar da muka gama, ya kori kajin, ya ɗaga bonet, ya kira ƙanena ya ce ya zo ya ga inda ake zuba baƙin mai.