Karen da Aka Bar Mini a Tasi

Jama'a, yau fasinja ya bar mini kare!

Wani Bature na kai filin jirgi. Ya kwashe akwatunansa, ya bar kare a kujerar baya. Na ce, "Oga, karenka!" Wai lokacin korona ya tsince shi a titi, yanzu an tashi Baturen daga gidan haya saboda baƙi masu zuwa kallon gasar ƙwallon duniya. "Khalas, shi ke nan, naka ne!" Ya shige abinsa!

Na kira Malam Sani, babba a ɗakinmu na unguwar Najma. Ya ce, "Wallahi ka kawo shi inda muke salla, ku kwana waje!"

Na buɗe wa karen ƙofa a unguwar Abu Hamour don ya tafi. Ya ƙi fita, ya maƙale a kujera. Ashe ya san wahalar titi.

Muna cikin mota har yanzu. Don Allah, me kare ke ci?