Kawu Modu da Ƙofofinsa

Duk wanda ya zauna a Rijiyar Lemo ya san yadda Kawu Modu kan tsaya cak a tsakiyar titi, ido a sama, yana zana akwatuna a iska da ɗan yatsa. Masu adaidaita su yi ta hon, shi kuwa yana wata duniyar. Tun da ya bar koyar da lantarki, ƙananan ƙofofin nan masu yanke hukunci a cikin na'ura suka zama abokan hirarsa: wata sai an ba ta wannan DA wancan, wata kuma wannan KO wancan ya ishe ta. Burinsa kullum ya rage, aikin ƙofa goma ya koma na biyu.

Matarsa, Inna Falmata, ta sha fama.

"Malam, kuka ko kuɓewa?"

"E."

"E me?"

"A wajenmu, KO tana karɓar ɗaya, tana karɓar duka biyun."

Ranar ta haɗa masa su a kwano guda. Ya cinye yana yamutsa fuska, don dai kar ya ƙaryata ilimi.

A kasuwar Sabon Gari, ƙofa iri ɗaya yake saya, wadda ake kira NAND, wai da ita kaɗai ana iya haɗa kowace irin ƙofa. Ya ce da mai shagon, "Gero ce. Da ita ake kunu, da ita ake fura."

"To Baba, ka haɗa mana talabijin da ita."

Idon Kawu ya tafi nesa. Can ya ce, "Mai kala?"

Sai maganar ƙararrawar gida. Sharaɗinsa, kar ta yi ƙara lokacin ƙailula, ko salla, ko cin abinci, ko tunani. Ya daɗe yana zane yana ragewa. Da na leƙa, sai na tarar ya cire ta ya toshe ramin.

"Kawu, ina ƙararrawar?"

"Ɗiyata, na rage, na rage, amsa ta fito sifiri. Ashe babu lokacin da nake son baƙo."

Amma ranar jana'izarsa layinmu bai ɗauki jama'a ba. Wani tsohon ɗalibinsa, furfura ta fara fito masa, ya ce da ni, "Ni ne daƙiƙin ajinmu. An so a kore ni, Malam ya hana. Ya ce waya ake ragewa, ba a rage yaro."

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya sauƙaƙa masa hisabi.