Taɓon da Yaya Bilkisu ta bari a firjinmu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Bilkisu, kuma har makon jiya akwai wani bututun roba cike da laka a kwance cikin babban firjin da Mama ke sanyaya zoɓo.

Aikin Yaya karanta taɓo ne. Takan tafi can kudu, inda kogin Kwara ke rarrabuwa kafin ta faɗa teku, ta shiga kwalekwale, ta soka bututu a gindin tafki, ta zaro laka. Ta ce mini laka tana kwanciya ne shekara bisa shekara, kamar zannuwa a akwatin tsohuwa, na ƙasa ya fi daɗewa. In ta ga ɓawon 'yan halittun ruwan gishiri a wani hawa, ta san teku ya taɓa hawowa har wurin. In ta ga garin furen ciyawa, ta san an yi zamanin da ƙasa ta tsane. Ruwa ba ya tsami banza, in ji ta.

Wannan bututun shi ne na ƙarshe. Firjin ɗakin bincikensu ya lalace, ta kawo shi gida da niyyar mayarwa ranar Litinin. Ranar Lahadi zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta tashi ba.

Ba mu taɓa maganarsa ba. Duk Sallar layya Mama takan gusar da shi a hankali, ta jera nama a gefensa. Ni kuwa, in na ga ambaliya a labarai, gidaje tsaye cikin ruwa har taga, sai in rasa wanda zan juya in tambaya. Da tana nan, za ta ce sabon abu ne, ko teku ne ya tuna tsohuwar hanyarsa?

Bana Mama za ta bar Mararraba ta koma Zariya, firjin kuma ta ba maƙwabciya. Tsorona ɗaya: kada lakar ta bushe, abin da Yaya ta ɗebo ya mutu ba a karanta ba. Na rungumi bututun a cinya cikin mota har Sheda, inda ɗakin bincikensu yake, wurin abokin aikinta, wani dattijo ɗan Binuwai. Ya jujjuya shi, rubutun jikinsa duk ya goge.

“'Yata, ina sama, ina ƙasa?”

Na nuna masa ƙyallen ɗankwalinta da ke ɗaure a ɗaya bakin bututun. Kullum a sama take ɗaurawa, na sha riƙe mata.

Ya tsaga bututun, ya danna yatsa cikin lakar.

“Gefe ya bushe,” ya ce, “amma ciki da sauran danshi. Za ta karantu.”

Waiwaye adon tafiya, in ji Hausawa. Yaya ba ta bar ɗa ba, ba ta bar littafi ba. Ta bar tambaya, kuma an samu mai ƙarasa ta. Lakar tana Sheda. Ƙyallen yana wurina.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya sanyaya makwanci.