Ruwan Awwalu

Duk wanda ya saba bin lungunan Hindawiyya da rana tsaka ya san ƙofar gidan su Hajara, ko da bai san sunanta ba. A jikin bangon akwai barrada, injin sanyaya ruwa mai famfo uku, da kofuna biyu ɗaure da sarƙa. Masu shara suna sha, direbobin tasi suna sha, leburorin gini suna cika gorunansu. Sabil ake ce wa irin wannan a Makka: mai rai ya ajiye wa masu wucewa ruwa, lada ya tafi ga mamacinsa.

A gidan aka haife ta. Kakanta ya taso daga Kazaure da ƙafa, ya shekara bakwai a hanya, da ya sauke farali bai koma ba. Ita kuwa ta shekara ashirin da shida tana share ajujuwa a wata makarantar 'yan mata a Utaibiyya. Mijinta ya rasu da wuri ya bar mata ɗa guda, Awwalu, sai ta dawo ɗakin ƙasa na gidan gado, wanta Dauda da iyalinsa suna sama.

Awwalu gyaran mukayyif ya koya, na'urar sanyaya ɗaki da babu gidan da ke zaunuwa ba ita a garin nan. A watan Agusta na 2014, da ƙarfe ɗaya na rana, yana ɗaure inji a kan rufin wani bene, ya zauna ya ce kansa na juyawa. Shekararsa ashirin da bakwai. Likita ya rubuta cewa zuciya ce ta tsaya. Hajara ba ta yi jayayya da takarda ba, amma duk wanda ya tambaye ta, cewa take rana ce. Bayan wata biyu ta sayar da warwaronta ta sayi barrada, aka rubuta sunansa a goshin barradar.

Kowace Juma'a bayan an ci abinci, Dauda da ɗansa Mish'al sukan ɗauko gardamarsu daga inda suka ajiye ta. Dauda tsohon direban tasi ne. Mish'al injiniyan lantarki ne, ɗan shekara talatin da biyu, Hausarsa rabi Larabci.

"Turawa sun ƙona gawayinsu shekara ɗari biyu sun yi arziki," in ji Dauda. "Da aka zo kan man da Allah ya ba mu, sai duniya ta yi zafi. Makka dama yaushe ta yi sanyi?"

"Ya Baba, mu muke ƙona man da hannunmu, don mu rufa da bargo a watan Yuli. Wuta ta yi arha, shi ya sa ba mai kashe ta. A ƙara kuɗi, kowa zai shiga hankalinsa."

"A ƙara wa ubanka."

"Ai kai ne, Baba."

Hajara takan kwashe kwanuka ta ce, "A cikinku ba wanda ya taɓa hawa rufi da azahar." Sai su bari ta fita, su ci gaba.

A farkon 2018 aka ƙara kuɗin wuta. Mita ɗaya ce a gidan. Da zafi ya kama, fatura ta zo, takardar kuɗin wuta, uba da ɗa suka dube ta, suka yarda da juna a karon farko cikin shekara goma. Dauda ya ce ba zai ciyar da injin da ke yi wa baƙi aiki dare da rana ba. Mish'al ya ce barradar tsohon yayi ce mai cin wuta, ruwanta ma da mai aka tace shi daga teku. Ba su gaya mata ba. Dauda ya zare wayar daga ƙarƙashin matakala, ya naɗe.

Wani mai shara, mutumin Maraɗi, shi ya yi mata sallama da hantsi. "Hajiya, yau ruwan Awwalu ya yi zafi." Bai taɓa ganin Awwalu ba, sunan kawai yake karantawa.

Ta taɓa famfon, ta hau sama ba ta huta a matakala ba.

"Yaya, kai ka cire?"

"Hajo, Allah ya ga zuciyarki. Shekara huɗu kina shayar da mutane. Ya isa."

"Kai aka aiko ka ce ya isa?" Ta juya ga Mish'al. "Kai mai ilimi. Da barrada da mukayyif ɗin ɗakina, wanne ya fi cin wuta?"

"Mukayyif mana, ya Ammati," in ji shi, yana kiranta goggo da Larabci. "Nesa ba kusa ba."

"To."

Da la'asar ta kira Sabitu, abokin aikin Awwalu. Mukayyif ɗin irin na cikin bango ne, rabinsa a ɗaki rabinsa a titi. Sabitu ya tsaya da sukundireba a hannu, ya kasa sa ta.

"Umma, shi ya ɗaura wannan da kansa. Ni na riƙe masa tsani."

"Na sani. Cire."

Ya cire. Ramin da ya bari a bango, ta nan aka zura wayar barrada zuwa soket ɗin ɗakinta. Ta jiƙa buhun algarara ta rataya a ramin. Kafin magariba ruwa ya yi sanyi.

Ran Juma'a ta ajiye abinci ta zauna, abin da ba ta saba ba.

"Yaya, faturarka za ta sauka. Mish'al, an rage ƙona man. Wa ke da sauran magana?"

Dauda ya ture kwano.

"So kike a ce na gasa ƙanwata da ranta? Shekararki sittin da ɗaya, ga hawan jini. Mayar da abin nan, zan mayar da wayar inda take."

"Inda hannunka ke kaiwa? A'a."

Mish'al ya ce zai sayo allon hasken rana ya ɗora a rufi, barrada ta ci daga can. Ta ce ya ɗora da asuba, in ya yi aiki wata guda ba fashi, sai a yi magana.

Kwana tara ta yi a ɗakin. Da azahar bangon yakan yi zafin da ba a jingina da shi. Ta daina girki da rana, tana kwana a kan tayil, ƙafafunta suka kumbura. A rana ta goma Dauda ya sauko da azahar ya zauna a bakin gadonta don ya nuna mata ba komai ba ne, ko don ya gani da kansa, bai faɗa ba. Minti goma rigarsa ta manne a baya.

"Haka yake a kan rufi?" ya tambaya.

"Nan da inuwa."

Ya daɗe yana kallon buhun da ya riga ya bushe. Sannan ya ce ta riƙa hawowa falo, ai mukayyif ɗin can yana aiki ko da ita ko ba ita.

"Daga azahar zuwa la'asar zan hau," in ji Hajara. "Wayar barrada kuwa tana nan inda take."

Ta kulle ɗakin, ta ɗaure makullin a bakin mayafinta, sannan ta bi shi sama.